INA ZA KA ZUBA AMFANIN BANA?

A wannan karo zancenmu na cikin gida ne. Manomi yakan kwashe wata huɗu yana fama da shuka, da noman farko, da maimai, da korar tsuntsu. Amma in ka tambaye shi inda zai zuba abin da ya noma, sai ya ce: "In Allah ya kawo, ba za a rasa wuri ba." Ana rasawa kuwa. Kowace kaka muna ganin damman hatsi jibge a tsakar gida, kaji da awaki suna ta ɓarna, buhunan wake a ƙarƙashin gado, taki da maganin ƙwari a ɗaki guda da abinci. Abin da ya rasa wurin zama kuma kasuwa yake tafiya, a daidai lokacin da ya fi araha.

A ƙasashen Turai ana haƙa ɗakin ajiya a ƙarƙashin gida. Wajen Barno, inda ƙasa ke da ƙarfi, akwai masu binne dawa a rami. Mu nan gundumar Mirya ba haka muke ba. Gidajenmu a ƙasa suke, babu bene, yashin tudu zubewa yake, a kwari kuma ruwa kusa yake. Saboda haka wurin ajiyarmu a cikin filin gida za mu yanke shi, mu ƙara da sama. Wannan aiki yana son lissafi, lissafin kuma tun kafin girbi ake yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

FARA DA ƘIRGA BAKUNA

Kada ka auna wurin ajiya da girman gonarka. Auna shi da yawan bakunan da ke ci a tukunyarka.

A lissafin hukuma a nan Nijar, mutum guda yana bukatar kilo 231 na hatsi ko dawa a shekara, in an haɗa babba da yaro an raba. Tiyar hatsi kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne. Mu ɗauki misalin gida mai mutum 10, mai gona hekta 5:

Abinci: kilo 2,310, wato kusan tiya 920, ko buhu 23. Tiya biyu da rabi ke nan kowace rana.

Hidima: suna, biki, baƙi, sadaka, da furar masu gayya. A ware tiya 120, wato buhu 3.

Iri: hekta guda tana cin kamar tiya 4. Tun da shuka takan ƙone a sake, a ninka. Tiya 40 ke nan, buhu 1.

Jimla: tiya 1,080, wato buhu 27.

Wajen ƙirga, sa har waɗanda suka tafi cin rani, don da damana za su dawo, lokacin da ake ci da yawa. Zakka kuma ba ta cikin wannan lissafi. In amfanin ya kai nisabi, dami guda cikin goma ba naka ba ne, fitar da shi tun a gona.

Gidaje da yawa ba sa samun buhu 27. Duk da haka lissafin yana da amfani gare su, don shi zai nuna watan da rumbu zai ƙare. Wanda ya san abincinsa wata bakwai zai yi, ya fi masa ya sai da akuya ya sayi cikon da kaka, da ya jira bazara. To, cikon nan ma wurin zama yake so.

MAI DA LISSAFIN ZUWA DAMI

Hatsin da ba a sussuke ba ya fi daɗewa. Ƙaiƙayinsa yana kāre ƙwaya, iska kuma tana ratsa zangarniya. Shi ya sa iyayenmu ke zuba shi a rumbu da zangarniyarsa. Aibinsa guda ne: yana cin wuri ƙwarai.

Dami ba awo ba ne. Na wani babba ne, na wani ƙarami, na bana kuma ba na bara ba ne. Don haka ɗauki dammai uku, a sussuke su, a sheƙe, a auna da tiya, ka raba uku. In damin ka yana ba da tiya 6, gidan misalinmu yana son wurin dami 180. In tiya 4 yake bayarwa, dami 270 ake so. Kowane mai gida ya san dami nawa rumbunsa ke ci. Kwatanta lambobin nan biyu. In rumbunka na dami 100 ne, ka ga ke nan akwai sauran aiki a gabanka.

Ga mai ajiya a buhu, ga awon ɗaki. Buhu mai kilo 100 a kwance yana cin kamar metir guda a tsawo, santimetir 60 a faɗi. Buhu shida a kwance, uku nan uku can, suna cin metir 2 da metir 1 da santimetir 80. In ka ɗora jeri huɗu, buhu 24 ke nan. Jeri biyar, buhu 30. Ƙara rabin metir na hanya ta kowane gefe, sai ka ga ɗaki mai metir 3 tsawo, metir 3 faɗi ya wadatar. In kana sabon gini, yanke wannan ɗaki tun a tushe. Yanke shi daga baya ya fi tsada, kuma sau da yawa filin ya riga ya tafi.

RUMBU BIYU YA FI GUDA

A dā mai gida yakan rufe rumbun gandu bayan girbi, ba a buɗe shi sai an fara noma. Da rani a ci daga ƙananan rumbuna da abin da aka samu a gamana. Wannan al'ada tana da hikima, kuma ya kamata a komar da ita.

Dalili na farko shi ne tsari. Rumbu guda da ake ɗiba kullum ba a sanin ƙarewarsa sai hannu ya taɓa ƙasa. In biyu ne, ranar da na rani ya ƙare ka san inda ka tsaya. Abincin wata huɗu na damana, daga Yuni zuwa Satumba, shi ne abincin da bai kamata a taɓa ba. Wanda ya rasa shi yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, ciyawa ta cinye tasa, baɗi kuma ya sake rasawa.

Dalili na biyu, Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Wuta, ko gara, ko yoyo, in sun kama guda, guda ya tsira.

Dalili na uku, shekaru ba daidai suke ba. Manya sun tuna farin 1973 da 1974, da yunwar 1984. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, kuɗin hatsi da damana ya ninka na kaka, jihohin Damagaram da Maradi kuma suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2010 aka sake. Hukumar OPVN, wadda aka kafa a 1970, takan fito da hatsi a sayar da rahusa in abu ya yi tsanani, amma ba ta iya cika kowane rumbu. Rarar shekara mai albarka ita ce ke raba mutum da shekarar wahala, rarar kuwa ba ta zama sai tana da wuri.

INA ZA A KAFA RUMBU?

1. Zaɓi wuri mafi tudu a gidan. Lura da inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya tun da damana, ka sa alama. Damanar 2024 ta koya mana darasi. Ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a ƙasar nan, ta rushe gidaje da rumbuna masu yawa. Ko tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba na shekarar. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa.

2. Nisanta shi da murhu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, tartsatsi kuma kudu maso yamma yake bi. Kada rumbu ko tarin kara su zauna ta wannan gefe na madafa. Garuruwan da ke jera rumbuna a bayan gari don tsoron gobara suna da gaskiya, in dai akwai tsaro. A share ciyawa kewaye da su, a bar tazara tsakanin rumbu da rumbu.

3. Hadari daga gabas yake zo mana. Ƙofar rumbu ko ta ɗakin ajiya kada ta dubi gabas. Bangon gabas kuma shi za a fi yi wa yaɓe.

4. Ɗaga shi daga ƙasa, aƙalla rabin metir, bisa duwatsu ko turakun itace mai ƙarfi irin ƙirya, wanda gara ba ta saurin ci. A zuba toka a gindin turaku. A naɗa musu gwangwani ko guntun kwano mai santsi, bakinsa ya dubi ƙasa, don ɓera ya kasa hawa.

5. Kada reshen itace ko katanga su taɓa jinkarsa. Kada a jingina tsani ko galma a jikinsa. Duk waɗannan hanyar ɓera ce.

6. Kafin a zuba sabo, a kwashe tsohon kaf. A share, a ƙone sharar, a shanya rumbun a rana. In rufewa ce ta ƙasa, a liƙe kowace tsaga, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a zuba sabon hatsi bisa tsoho. Ƙwarin bara suna nan suna jira.

WAKE DA GYAƊA

Wake ba ya haƙuri irin na hatsi. Ƙwaronsa tun a gona yake sa ƙwai a jikin kwanso, ka kawo shi gida da hannunka ba ka sani ba. Cikin wata guda ko ƙasa da haka ƙwan ya zama ƙwaro, shi ma ya haihu. In aka bar wake a buhu haka kawai, kafin bazara ya zama huda-huda da gari. Tsoron wannan ne ke sa manomi sayarwa da kaka.

Maganinsa shi ne a hana ƙwaron iska. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike na Afirka, har da na cibiyar INRAN a Maradi, sun fito da buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, aka fara baza shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ga yadda ake aiki da shi:

A tabbata waken ya bushe, an fitar da datti. A hura kowace leda a duba ko tana da huda. A sa ta farko cikin ta biyu, duka biyun cikin buhun waje. A cika, a matse iska ta fita. A murɗe bakin leda ta farko, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sa'an nan na waje. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye sauran iskar, su mutu. Babu magani, babu guba. Amma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Waken ci na yau da gobe a ware shi daban. Muddin ledar ba ta huje ba, ana sake aiki da ita wata shekara.

Bido ko tono mai marfin kirki ma yana wannan aiki, in an cika shi har baki an liƙe. Sharaɗi guda: kada ya zama wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinsa.

Gyaɗa kuwa da ɓawonta ake ajiye ta. Abokin gābarta danshi ne. In ta yi fumfuna tana haifar da guba mai suna aflatoksin, mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci a zubar, kada a ba yara, kada a ba dabba.

Ga hanyar gane bushewa. Ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko ka zuba ƙwaya a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe, ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, koma shanya.

DOKOKIN ƊAKIN AJIYA

Buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango, ba ya taɓa rufi. A shimfiɗa itatuwa bisa duwatsu ko bulo, a jera buhuna a kai. Ko daɓen siminti ne yana tsotso danshi da damana. Hanyar rabin metir da muka ce a bari, ita ce za ta ba ka dama ka zagaya da fitila ka ga kashin ɓera, ko hanyar gara, ko ɗigon ruwa. A yi ƙaramar taga can sama, a sa mata waya mai ƙananan idanu. Ƙofa ta zauna daram, kada a bar rata a ƙasanta. A duba indararo da rufi kafin ruwan farko. Abin da ya fara shiga shi ke fara fita, don haka tsohon buhu ya zauna kusa da ƙofa.

ABUBUWAN DA BA SA ZAMA TARE

Maganin feshi, maganin ɓera, takin zamani, da fetur na babur ko na injin ban ruwa, ba sa kwana ɗaki guda da abinci, ba sa kwana ɗaki guda da mutane. A yi musu ɗan ƙaramin ɗaki ko akwati mai kwaɗo a gefen gida, inda yaro ba ya kai. Metir guda ya isa. Takin ire kuma yana narkewa in ya sha danshi, shi ma a ɗaga shi daga ƙasa.

Irin da aka gauraya da magani, mai jan launi ko shuɗi, ba abinci ba ne ko an wanke shi. A rubuta a jikin buhunsa, a faɗa wa uwargida da yara.

Ƙwayar nan mai hayaƙi da ake sa wa buhu, Phostoxin, iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, kuma tana ratsa buhu, tana bin tsagar bango. Ta kashe mutane cikin barci a ƙasashe da dama. Aikin mangaza ce a hannun wanda aka horar. Kada ta shiga ɗakin kwana ko ɗakin da ke manne da shi.

Irin baɗi shi ma wurinsa daban. Zaɓi manyan zangarniyu tun a gona, ka ɗaure, ka rataye su sama a inuwa, ko ka sa ƙwayar a tulu tare da toka ka liƙe bakin. Irin da ke cikin rumbun ci, ranar matsi turmi zai tafi.

KAYAN UWARGIDA DA AMFANI DA SAMA

Kada ka zana wurin ajiya kai kaɗai. Uwargida ce ta san yawan busasshiyar kuɓewa, da kuka, da yakuwa, da zoɓo, da barkono, da daddawa da gidan ke bukata, ita ma tana da amfanin gamanarta. In gidan mata biyu ne ko fiye, kowacce ta samu wurinta da kwaɗonta. Rigingimun gida da yawa daga kwano guda suke farawa.

Inda ƙasa ta yi kaɗan, a hau sama. Ragaya a jikin azara tana raba ƙwarya da ɓera da tururuwa. Kanta a bango tana ɗaukar tukwane. Mai gini yana iya barin alkuki biyu ko uku a kowane ɗaki, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Takardun haihuwa, da na makaranta, da takardar shaidar gona, a sa su a leda cikin akwatin ƙarfe, a ɗora sama. Galma, hauya, da garmar shanu kuwa, a rataye su a zaure ko ƙarƙashin rumfa, kada su kwana a ruwa.

Harawa da kara dukiya ne, masu kiwo sun san kuɗinsu da bazara. A yi musu rumfa mai tsawo wadda akuya ba ta kai, a rufe saman da zana, don rana tana ƙone amfanin harawa, ta bar ta fara fat. Inuwar ƙarƙashin rumfar kuma ta zama ta tumaki. Ka ga fili guda ya yi aiki biyu. Amma kada a jibga harawa bisa ɗakin da ake girki.

IN GIDA YA KASA

Abin da za ka sayar ba dole ne ya kwana gidanka ba. Akwai bankin cimaka, inda gari ke tara hatsi da kaka a sayar wa mutanen gari da sauƙi lokacin matsi. Akwai kuma tsarin jinginar amfanin gona, wanda aka fara yaɗawa a Nijar wajen 1999 da taimakon hukumar FAO. Ƴan ƙungiya su kai buhunansu mangaza, a rufe da kwaɗo biyu, makulli guda wurin ƙungiya, guda wurin asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi rance ya yi kiwo ko noman rani. Bayan watanni ya biya, ya ɗauki buhunansa, ya ci ko ya sayar. A yi hattara: akwai shekarar da farashi ba ya tashi, rancen kuwa sai an biya shi da kuɗin ajiya. Kada a ci bashin da ya fi ƙarfin sana'ar da za a yi da shi.

AIKIN WANNAN MAKO

Zauna da iyalinka ku ƙirga bakuna, ku fitar da yawan tiya. Auna rumbunan da kake da su. Zana gidanka a ƙasa da tsinke, ka nuna murhu, da turken dabbobi, da hanyar ruwa, sa'an nan ka ba kowane abu wurinsa: rumbun rani, rumbun damana, iri, wake da gyaɗa, kayan miya, magani da taki, harawa. Wanda ya rasa wuri a zanen, shi ne aikinka kafin girbi. Tanadi zana, da igiya, da turaku, da buhuna tun yanzu, kafin kowa ya tashi nema su yi tsada.

Wanda lissafin ya ba shi wuya ya nemi malamin gona na yankinsa, ko ɗan makaranta a gidan ya taya shi. Wanda ya karanta wannan takarda kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana abin da muka tara. Amin.